Ƙyallayen Bakin Garin Solbat

Jawabin Eom Bok-rye, tsohuwar mai dafa abincin makarantar firamare ta ƙauyen Solbat a Koriya ta Kudu, a taron jin ra'ayin jama'a kan rufe makarantar.

Mai girma shugaban wannan zama, kuma shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, Malam Bong Chun-bae. Mai girma wakilin ofishin ilimi na gunduma, Malam Pyo, wanda ya sha hanya cikin wannan ƙanƙara ya zo mana da majigi da 'yar sanda mai jan haske. Maigari Ma Deok-chil, mai lasifikar da ke tashin mu tun kafin zakara ya yi tunanin cara. Shugabar makaranta Malama Seol da malamanta huɗu. Fasto da malamin ɗakin ibada na kan dutse, waɗanda yau na fara ganin su a benci ɗaya. Yayyena da ƙannena na zauren tsofaffi, da suka bar karta a shimfiɗe suka zo. Tsofaffin ɗalibai da suka cika filin wasa da motoci har ba inda yaro zai sa ƙafa, da a ce akwai yaron. Ɗalibanmu goma sha ɗaya, waɗanda zan iya gaida su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya kafin shayin Malam Pyo ya huce. Da sauran jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaba ɗaya, ina yi muku sannu da sanyi.

Ina godiya da aka ba ni minti biyar. Malam Pyo ya ci minti arba'in yana nuna mana layuka masu gangarowa ƙasa. Malam Bong ya ci ashirin da biyar yana ba mu labarin yadda yake zuwa makarantar nan ba takalmi, labarin da kowace shekara hanyar ke ƙara tsawo, ƙanƙarar ke ƙara zurfi. Idan aka haɗa nawa da nasu aka raba gida uku, kamar yadda aka koya mana lissafi ɗazu, kowannenmu yana da minti ashirin da uku, kuma nawa zan ci, ba na kowa ba.

Wanda bai san ni ba a zauren nan, to bai yi karatu a nan ba. Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin girkin makarantar nan. Na dafa wa yara ɗari shida da arba'in a tukunyar da sai an hau kan akwati ake juya ta, na kuma dafa wa goma sha ɗaya a tukunyar da nake ɗauka da hannu ɗaya. Rabin masu ƙulla ƙyallen wuya a gaban nan ni na san wanda ke ɓoye alayyafo a aljihu, na san wanda ke dawowa layi sau biyu da fuskar marayu. Saboda haka in na faɗi abin da bai yi wa wani daɗi ba, ya yi haƙuri ya haɗiye, ya saba haɗiye abin da na zuba masa.

Abin da ya tara mu kowa ya sani, amma zan sake faɗa don masu barci a baya. Shekara biyu ke nan ba a kawo mana ɗan aji ɗaya ko guda ba. A watan gobe uku za su gama, mu rage takwas. Ofis ya ce in watan Maris ya zo a karo na uku ba sabon yaro, za a rufe makaranta, a riƙa kwasar takwas ɗin a mota zuwa Saebit, sabon garin nan na hayin gada. Rajista tana rufewa ranar Juma'a. Yau Talata.

Magana ta farko, a kan lissafin Malam Pyo. Ranka ya daɗe, na saurare ka da kunnuwa biyu. Ka ce yara suna ƙarewa a ƙasar nan, gaskiya ne, a garin nan mun fi yawan zuwa jana'iza fiye da bikin cikar jariri shekara. Ka ce saboda haka ba za a gina sabuwar makaranta a Saebit ba, domin nan da shekara goma za ta zama kango. Ka ce kuma saboda haka za a rufe tamu, domin ta riga ta zama kango. Sannan ka nuna da jan haskenka cewa a gundumar nan kowane aji yana da yara ashirin da ɗaya, adadi mai kyau, irin na ƙasashen da suka ci gaba.

Ina so ka nuna mini wannan aji. Na rantse zan hau mota gobe in je in gan shi, in ma kai musu dafaffen dankali. A nan aji huɗu yaro ɗaya ne, shi ne na ɗaya a jarrabawa, shi ne na ƙarshe, shi ne shugaban aji, shi ne mai surutun da shugaban aji ke rubuta sunansa. A Saebit aji guda yara talatin da shida ne. Aji mai ashirin da ɗaya ba ya nan, ba ya can, yana cikin majiginka ne kawai. Ni mai girki ce. In tukunya ɗaya ta ƙone, ɗaya kuma shinkafarta ɗanya ce tsaf, ban taɓa fita na ce wa yara in an haɗa an raba abinci ya dahu ba. Da na faɗi haka da iyayensu sun kore ni da muciya, ku kuwa aka ƙara muku girma.

Kuma maganin da aka samo wa wannan ciwo shi ne a ɗebi takwas daga inda kujeru ke kukan kaɗaici a zuba su inda ba wurin zama. Na daɗe ina juya wannan hikima a raina, har yanzu ban gano bakinta ba, wataƙila don ban wuce aji shida ba.

Magana ta biyu, a kan Saebit, domin na gan ta da idona. Ɗana Sang-pil a can yake, a hawa na ashirin da uku, kuma jikata Da-on tana aji uku a makarantar da za a kai yaranmu. Yara dubu ɗaya da ɗari tara. Aji ɗaya kaɗai kashi goma sha uku ne. Filin wasa babu shi, an jera masa ɗakunan ƙarfe hawa biyu, ana wasan motsa jiki a baranda, bi da bi, cikin safa, don kada a dami na ƙasa.

A kaka da ta wuce aka yi ranar ziyarar iyaye, surukata tana wurin aiki, na je a madadinta. Na shiga da ƙarfe goma da rabi na safe, na tarar da layi tun daga bene har ƙofar ɗakin cin abinci. Na tambayi wata malama, "'Yata, gobara ake yi?" Ta ce, "A'a, Kaka, abincin rana ne." Na ce, "Abincin rana da hantsi?" Ta ce, "Zubi huɗu muke yi. Na farko goma da arba'in, na ƙarshe ɗaya da rabi. Kowa minti goma sha biyar." Na leƙa ɗakin girki don in gaida abokan sana'a, ba wadda ta ɗago kai. Na ga wani yaro ya miƙa faranti yana cewa a rage masa miya, kafin ya rufe baki an zuba wa mutum uku a bayansa.

Na tambayi Da-on sunan malamarta, ta faɗa mini. Na ce, "Ita fa ta san naki?" Ta ce, "Ta sani mana, Kaka, ni ce lamba ashirin da tara." Ta faɗe shi da alfahari. A nan na san wanda ba ya cin kifi, na san wanda uwarsa ke asibiti don haka ya kamata a ƙara masa ƙwai ba tare da an yi magana ba. Ba na zargin malaman can, na ga idanunsu, na ga gajiya. Mutum ɗaya ba zai riƙe tarihin yara talatin da shida a kansa ba.

To amma Malam Pyo, ka saki ranka, ka sha shayinka. Na gama da kai. Sauran maganata da mutanen garinmu ce, kuma ita ce ta fi zafi.

Magana ta uku, a kan ƙyallaye. A bakin garin nan akwai itatuwa biyu, kuma tun ina amarya ban taɓa ganin tsakaninsu babu ƙyalle mai rubutun taya murna ba. Ɗan wane ya shiga jami'a a Seoul, ƙyalle. 'Yar wance ta ci jarrabawar aikin gwamnati, ƙyalle. Ɗan gidan Bong ya zama likitan haƙori, ƙyalle biyu, ɗaya daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ɗaya daga mahaifinsa da sunan ƙungiyar matasa, alhali ƙaramin cikin ƙungiyar matasanmu shekararsa sittin da uku. Maigari ya hau tsani da kansa ya ɗaure igiya, ya sauko ya kunna lasifika: "Jama'ar Solbat, ana sanar da ku abin farin ciki." A yanka alade, a sha giyar shinkafa, uwar yaro ta yi kukan daɗi.

Ku tuna da kyau, ku gaya mini in na yi ƙarya. A cikin shekara arba'in, wa muka taɓa rataya wa ƙyalle don ya zauna? Wa muka taɓa rataya wa don ya dawo? Tak Man-su ya zauna, ya gaji gonar ubansa, barkononsa muke ci a kimchi, kabejinmu mai tsami da yaji, kowace shekara. Abin da ya samu a wurinmu shi ne, "Allah sarki, yaron kirki, kan ne dai bai ja ba." Mun tsaya a bakin gari shekara arba'in muna tafa wa duk wanda ya juya mana baya, yau kuma mun taru muna tambayar juna wa ya kwashe mana yara.

Makon jiya aka zaga da takardar koke, kada a rufe makarantar kakanninmu. Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu suka sa hannu. Malam Bong ya sa hannu da alƙalamin zinariya, jikokinsa uku suna Saebit. Maigari ya buga hatiminsa har sau biyu, jikokinsa huɗu suna Saebit, kuma biyu daga ciki a nan garin suke kwana, adireshinsu ne kawai ya ƙaura gidan ƙanwar matarsa. Kada ka sunkuyar da kai, Maigari, duk gari na ganin motar da ke fita da su ƙarfe bakwai. Hannu ɗari huɗu da goma sha biyu, yaro ko ɗaya babu. Ofis bai ce a kawo sa hannu ba. Sa hannu ba ya zama a kujera, ba ya cin abincin rana.

Magana ta huɗu. A duk faɗin garin nan yarinya ɗaya ce ta isa shiga aji ɗaya a bana: Yun-seul, 'yar Tak Man-su, wanda kansa bai ja ba. Mahaifiyarta tana zaune can baya kusa da ƙofa, inda ta saba zama a kowane taro. Shekararta tara a garin nan. Ita ta yi jinyar surukarta shekara huɗu har ta rufe mata ido. Ita ke ɗaukar buhun taki da maza biyu ke nishi a kansa. Shekara tara muna kiran ta "surukar Biyetnam", kamar ƙasar ce gaba ɗaya aka auro.

Tun da takardar ofis ta iso, gidan Man-su ya zama kasuwa. Wannan ya kai akwatin tuffa, wancan ya kai busasshen kifi, matar Maigari ta kai bargon lantarki. Mutanen da ba su taɓa taka dakalinta ba yanzu sun san inda take ajiye takalma. Ni ma na je, kada ku ce na ware kaina, na je da tulun man riɗi a hannu da kunya a fuska. Na same ta a rumfar barkono tana tsinke ganye. Na fara zagaye-zagaye, sanyin bana, ciwon gwiwa, ta bar ni na gama. Sai ta ce, "Inna, ajiye man. Ke ce ta goma sha bakwai."

Na ce, "Maman Yun-seul, makarantar nan a hannunki take."

Ta ce, "Inna, kin san inda na koyi karanta yarenku? Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. A ƙyallayen bakin gari na koya. Kullum in za ni gona sai in tsaya in haɗa baƙaƙe. Kalmar farko da na iya ita ce murna, ta biyu Seoul. Shekara tara ina karanta darasi ɗaya: ɗan kirki tafiya yake yi. Na haddace. Yanzu kuma kun zo da tuffa kuna cewa 'yata ce za ta zauna."

Na tsaya ina kallon barkono. Ta ci gaba, ba faɗa, ba ɗaga murya. Ta ce, "Ba na ƙin makarantar. Na ga yadda malaman ke yi da yara, na san ta fi. Amma yarinyar nan ita kaɗai take wasa tun da ta fara tafiya. Abokanta kare ne da kakanni. Ba zan sa ta shekara shida a aji ita da malami da agogon bango ba, don tsofaffin ɗalibai su sami filin yin wasan shekara. In makarantar tana da kyau kamar yadda kuke faɗa, mutum ɗaya a cikinku ya kawo jikansa ya zauna kusa da ita. Guda ɗaya. Ran da na ga takardarsa zan kai tawa. In babu, ranar Juma'a zan rubuta ta a Saebit, ta zama lamba talatin da bakwai kamar 'ya'yan mutanen kirki."

Wannan sharaɗi ba ni kaɗai aka faɗa wa ba. Duk goma sha shidan da suka riga ni sun ji shi. Kowa ya ce gaskiya ne, kowa ya ce zai yi magana da ɗansa, kowa ya bar tuffarsa ya fita. Na bi sawu na tambaya. Malam Bong ya ce mini, "Yaya Bok-rye, ai yaran zamani sai da darussan ƙari bayan an tashi makaranta, a nan ina za su koyi Turanci?" Maigari ya ce, "Ni da so samu ne, amma kin san surukai." Wata ƙawata, ba zan faɗi sunanta ba tunda ga ta can ta sa hula ja, ta ce, "Nawa jikan yana da ƙwaƙwalwa, kada a ɓata shi." Wato makarantar da muke kuka a kanta ta isa ga 'yar Man-su, ba ta isa ga namu ba.

Yanzu na zo kan kaina, domin mai girkin da ba ta ɗanɗana abincinta ba bai kamata ta zuba wa kowa ba. Ni ma ina da ƙyalle. Shekara ashirin ke nan, ran da Sang-pil ya sami aiki a babban kamfani, aka rataya shi tsakanin itatuwan nan. Wata guda ya yi yana kaɗawa, kullum sai na ƙirƙiri dalilin bi ta wurin. Da aka sauke na wanke shi, na goge, na naɗe a ƙasan akwati tare da kayan da za a sa mini ran da na mutu. A zauren tsofaffi kuwa ba wanda ya kai ni cika baki: jikokina a Saebit suke, hawa na ashirin da uku, makarantarsu har da na'urar hawa bene. Na faɗa sau ɗari, kun ji, wasunku har sun daina zama kusa da ni.

Ƙanin Da-on, Chan-hwi, bana zai shiga aji ɗaya. Waccan Lahadin, ba ta shekaranjiya ba, na ɗaura kimchi a ƙunshi na hau mota. Na jira aka gama cin abinci, na ce, "Sang-pil, ka ba ni Chan-hwi ya yi karatu a Solbat." Ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne ya ajiye cokali. Ya ce, "Umma, ke fa kika ce in yi karatu kada in ƙare kamar Man-su. Ke kika tsaya a ƙarƙashin ƙyallen nan aka ɗauke ki hoto. Na yi shekara ashirin ina hawa, yanzu ki ce in ɗauki ɗana in mayar da shi inda kika ce in gudu?" Na ce, "Ni na faɗa, kuma na yi kuskure." Ya ce, "Kuskurenki ya zo a makare." Ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Na fara naɗe ƙunshina, sai surukata ta ce, "Umma, zauna." Ku sani ni da yarinyar nan ba mu taɓa shiri ba. Na ce miyarta ba gishiri, ta ce kimchina gishiri ne zalla, a haka muka yi shekara goma sha ɗaya. Ta ce, "Kin san Da-on ta daina shan ruwa da safe? Tun aji ɗaya. Layin banɗaki ya fi hutun tsawo. Sau biyu ta dawo gida da rigar sanyi ɗaure a ƙugu, ba ta gaya wa ubanta ba, ni ma ban gaya masa ba. Ita ta saba, tana da ƙawaye, ba za ta yarda ta tashi ba. Amma Chan-hwi yaro ne da in an yi masa tambaya sai ya ƙirga biyar a ransa kafin ya amsa. A aji mai talatin da shida ba mai jiran sa ya kai biyar."

Na ce, "A Solbat ko hamsin zai ƙirga za a jira shi, ba inda za mu."

Ta ce, "To ga sharuɗɗana. Zai zauna a wurinki Litinin zuwa Juma'a, da gaske, ba zaman takarda irin na jikokin Maigari ba." Ka ji, Maigari, har hawa na ashirin da uku labarin ya kai. "Na biyu, ki rage gishiri. Na uku, in mutane suka tambaye ki, kada ki ce wai na ɗan lokaci ne kafin a sami wuri mai kyau. Ki ce nan ne wuri mai kyau, ki faɗa a gabansa." Na ce na yarda da na ɗaya da na uku, na biyu za mu duba.

Yadda ta yi da mijinta ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani shi ne ya sa hannu, kuma yau kwana tara ke nan ɗana bai kira ni ba. Shi da ke kira kowace yamma ya tambayi gwiwata. Ina ajiye wayar kusa da tukunya, in duba, in sake dubawa. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba, kuma ban san ranar da zai huce ba. Ɗa ɗaya gare ni. Na faɗi wannan ne don kada wani ya fita daga nan ya ce abin ya zo wa Bok-rye da sauƙi.

Ga takardar. Chu Chan-hwi, shekara shida, mazaunin gida mai lamba goma sha huɗu, Solbat. Hatimin ofishin gari yana kai, tawadar ma ba ta gama bushewa ba.

Maman Yun-seul, ke nake kallo. Kin ce guda ɗaya, ga guda ɗaya. Ba shi da surutu, yana tsoron kare, kuma sai an cire masa albasa daga miya, amma zai zauna kusa da 'yarki shekara shida in ina raye. Na cika nawa.

To, jama'a, ku juya ku gani da idonku, kada gobe a ce ni na ƙara gishiri. Ta ɗaga tata. Ashe a aljihun rigarta take tun da aka fara taro, a cike, tana jiran ta ga ko akwai mutum ɗaya a garin nan.

Malam Pyo, ɗauki alƙalaminka. Aji ɗaya, makarantar Solbat, yara biyu. Rubuta biyu, kuma don Allah kada ka haɗa shi da komai, kada ka raba shi da komai.

Ku dakata da tafi, ban gama ba, kuma tafi ne ya kawo mu inda muke. Shekara ɗaya muka saya. Baɗi ofis zai dawo da majiginsa, kuma ni jikokina sun ƙare. Akwai jikoki talatin da ɗaya na mutanen zauren nan a hayin gada, na ƙirga su da yatsu a zauren tsofaffi daga bakin kakanninsu. Wanda ya tafa yau, baɗi takarda za mu tambaye shi.

Abu na ƙarshe. Wannan ƙunshin da na shigo da shi, da wasu suka zaci abinci ne har suka matso, ƙyallen Sang-pil ne. Na fito da shi daga ƙasan akwati, na juya bayansa, ɗalibanmu goma sha ɗaya suka yi rubutu da fenti jiya bayan an tashi. Ku kama mini bakin nan, ku ɗaga sama. Layin ya ɗan karkace, yaron aji huɗu ne ya ja shi, ba wanda zai gyara masa tunda shi ne na ɗaya. An rubuta: Murna, Tak Yun-seul da Chu Chan-hwi sun shiga aji ɗaya a Solbat. A ƙasa kuma, inda aka saba sa sunan uban yaro da muƙaminsa, mun sa sunan matar da ta riƙe makarantar nan a aljihunta.

Maigari, tsaninka yana nan, gobe da safe kai za ka hau ka ɗaure shi, ka kuma sanar a lasifika kamar yadda ka yi wa likitan haƙori. Amma kafin nan, ga ka a gaba, juya wa ƙyallen baya ka faɗa wa jama'a sunanta. Shekara tara tana gaishe ka a hanya. Malam Bong, ko kai za ka taimake shi? Masu tuffa goma sha shida fa?

Shirun ya isa haka. Ni ma sai ranar da na kai man riɗi na tambaya, ina tsohuwa, ina jin kunya. Sunanta Lam Thi Lien. Ku karanta shi a ƙyallen, a nan ita ma ta koyi namu.

Allah ya raya mana Yun-seul da Chan-hwi, ya sa su yi faɗa su shirya kamar yadda 'yan aji ɗaya ke yi. Allah ya sauƙaƙa wa yaran Saebit layi, ya ba malamansu ƙarfin gwiwa, ya ba lamba ashirin da tara malamar da za ta kira ta Da-on. Allah ya ba ofishin ilimi idon da ke ganin yaro kafin ya ga adadi. Allah ya ba Maigari ƙafar hawa tsani lafiya da harshen faɗin suna daidai. Allah ya saka wa Lien da alheri, ya yafe mana shekara taran da muka yi. Wanda ya zo da mota Allah ya kai shi gida lafiya, ya kuma dawo mana da shi baɗi da yaro a kujerar baya. Ni kuma ku taya ni roƙo, Allah ya sa wayata ta yi ƙara yau da yamma.

Akwai miya mai zafi a ɗakin girki, ta ishi kowa, ba zubi huɗu, ba mai ƙirga muku minti. Gishirin kuwa na rage kaɗan.

Na gode.